Tauraro Ɗaya a Bayan Gonakin Inabi

Taubashina, ɗan gwaggona, ya girme ni da shekara huɗu, kuma yana saurayi ya yi wata tara a Faransa wajen karatu. Wata taran nan mun shekara talatin muna shan labarinsu. Duk Agiye babu wanda bai san ya taɓa ganin ƙanƙara tana saukowa daga sama ba. In aka kawo tuwo sai ya tuna yadda ake jera cokula a can. In mota ta makara a tasha sai ya duba agogo ya girgiza kai, ya ce jirgin ƙasan can ko minti ɗaya ba ya ƙarawa. Da aka ba shi shugabancin buron porjen noma, ofishin aikin raya noma inda nake aiki, sai kowa ya koma kiransa Direkta, har uwar da ta haife shi in tana son yi masa ba'a. Ni kuwa taubashi ne, ina da izinin gaya masa abin da na ga dama, kuma ban taɓa barin izinin nan ya kwana ba.

Wata shekara, kaka ta yi nisa, aka gayyaci buronmu wani taro kan adana iri a yankin da Faransawa ke kira Burgon. Mu uku muka tafi. Shi Direkta, sai ni mai rubuta rahoto, sai Hajiya, shugabar ƙungiyar mata manoma ta Gangara. Hajiya ta kusa sittin a lokacin. Ba ta taɓa shiga lakol, makarantar boko, ba, Faransancinta bai wuce gaisuwa ba, amma ta je Makka sau biyu, kuma tun daga nan babu ginin da ke sa ta ɗaga kai. Ni nake yi mata tafinta.

Kwana huɗu aka yi ana taro. Rana ta biyar, Litinin, aka bar mu mu huta kafin mu kama hanyar gida. Masu masaukinmu sun so su zaga da mu cikin birni, Direkta ya gode musu a madadinmu duka ba tare da ya tambaye mu ba. Da muka koma otal daren Lahadi, bayan an rufe taron, ya tara mu a zauren ƙasa.

"Gobe zan kai ku ku ci abinci," in ji shi.

Hajiya ta ce, "To kwana huɗun nan me muke ci?"

"Wannan cika ciki ne, Hajiya. Ci daban, cika ciki daban."

Ya zaro wata takarda daga aljihu, wadda ya buga tun a buro a Agiye, ta sha ninki har ta fara yagewa. Sunayen gidajen abinci ne na yankin, kowane da ɗan tauraro a gefensa. Ya yi mana bayani cewa akwai wasu mutane da aikinsu kawai su shiga gidan abinci a ɓoye su ci, in ya yi musu daɗi su ba shi tauraro. Hajiya ta ce a Gangara ma akwai masu irin wannan aikin, sai dai su ba sa ba da komai. Ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗora yatsa a kan wani suna, ya ce wannan yana wani ƙauye a tsakiyar gonakin inabin da ake yin giyarsu mai tsada, kuma nan za mu.

Na tambaye shi ko ya buga musu waya sun ajiye mana wuri, don na ji masu masaukinmu na cewa haka ake yi.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗan kawu, ni da na zauna ƙasar nan kake koya wa?"

Da safe ya sauko cikin baƙar kwat da jan karabat ɗaure a wuya, da wani sabon takalmi da ya saya a kasuwar Maradi, mai tsinin baki, wanda bai taɓa sawa ba sai ran nan. Ni ina cikin kaftani da rigar sanyi. Hajiya ta ɗaura atamfarta ta yafa mayafi, ta sa safa da takalmin kambas na ɗiyarta, ta rataya jakar da ba ta rabuwa da ita. Muka je gar, tashar jirgin ƙasa. Jirgin ya makara da minti ashirin. Na dai duba agogona na girgiza kai a hankali, kuma na tabbata ya gan ni.

Inda muka sauka wani ɗan gari ne, mu kaɗai muka fito daga jirgin. Jirgin ya wuce, wurin ya yi tsit. Tagar sayar da tikiti a rufe. Babu mai shayi, babu kabu-kabu, babu ko yaro mai talla da za ka tambaya. A jikin wani allo muka ga takardar lokutan bas, Direkta ya bi ta da yatsa layi-layi, har ya kai ƙasa inda aka rubuta cewa bas ɗin ba ya aiki sai ranakun da ake lakol. Lakol kuwa ana hutu. Akwai lambar mai taksi guda ɗaya. Ya kira, mutumin ya ce ya kai mara lafiya likita a birni, ba zai samu kansa ba sai wajen ƙarfe uku.

Hajiya ta zauna a kan benci ta ce, "A Sae Sabuwa, inda ake cewa ƙauye ne, in ka tsaya bakin hanya ba ka gama gyara ɗankwali ba amalanke ta zo."

Direkta ya kunna salularsa, ya ce taswira ta nuna wurin kusa ne, kuma tafiyar ƙafa tana buɗe ciki. Muka bi shi. Wata muryar mace a cikin salular tana gaya masa dama da hagu, shi kuma yana amsa mata da "to" kamar tana jinsa.

Muna fita daga garin gonakin suka fara. Layuka ne na kurangar inabi, gajeru, ba su wuce ƙugu ba, an ɗaure su a waya, sun hau tudu sun gangara har inda ido ya tsaya. An riga an gama tsinka, ganyen ya yi rawaya. Ba gawo, ba kalgo, ba inuwar da mutum zai tsuguna. Hajiya ta tsallaka wata ƴar katangar dutse, ta duƙa ta ɗebi ƙasa ta murza a tafin hannu.

"Tsakuwa ce zalla," in ji ta. "Wanda aka ba wannan a gado, ƴan'uwansa sun cuce shi."

Direkta ya yi dariyar masu ilimi, ya ce wannan ƴar gonar da take raina wa ta fi duk gonakin Gangara tsada.

"Saboda giya?"

"Saboda giya."

Ta kakkaɓe hannu. Amma ta daɗe tana kallon layukan, daga baya ta ce mini ko ma mene ne suke nomawa, manoma ne na gaske, don ba ta ga kuranga ɗaya da aka yi wa ɗaurin ganin dama ba.

Ba mu yi rabin awa ba takalmin ya fara cin Direkta. Da farko ya ɓoye, yana tsayawa wai yana nuna mana tuddai. Daga nan ya fara ɗingishi a fili. Matar cikin salula kuma ta sauke mu daga kwalta ta sa mu wata hanyar gona, wadda ruwan daren jiya ya mayar laka mai danƙo. Kowane taku sai takalminsa ya ɗauko rabin gonar wani. Na ce masa in gaskiya ne abin da ya faɗa kan tsadar ƙasar nan, to ya yi arziki, kada ya kankare sai mun isa Agiye.

Rana ta kusa tsaka muka shiga ƙauyen. Gidajen dutse, tagogi a rufe, wani kare ya leƙo ya koma. Gidan abincin yana bakin dandali, ga ɗan allon tauraronsa a jikin bango yana ƙyalli. Direkta ya gyara karabat, ya goge takalmi a ciyawa, ya taka har bakin ƙofa. A jikin gilashin an manna wata ƴar takarda: a rufe ranar Litinin da Talata. Ya karanta sau uku, leɓensa na motsi. Na karɓi takardarsa ta Agiye na duba, sai ga shi a ƙarƙashin sunan gidan, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta hakan. Na nuna masa da yatsa, a hankali, yadda ya nuna mana jiya.

Ya zauna a bakin wani kwarmin ruwa da ke tsakiyar dandalin ya cire takalmin dama. Diddigen ya saɓule, safar ta manne da jini. Hajiya ta buɗe jakarta ta fito da man kaɗanya a ƴar kwalba, ta yagi gefen hankicinta ta miƙa masa. Ta ce mu koma gar, mu sayi burodi, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na ɗauka zai yarda. Sai ya miƙa hannu na ba shi takardar, ya ce akwai na biyu, a bayan tudun can, kuma ya duba da kyau, wannan yana buɗewa ranar Litinin. Muryarsa ba ta wasa ba ce. Ni da Hajiya muka dubi juna muka tashi.

Mun ci rabin tudun, yana tafe yana taka bayan takalmin kamar silifa, sai wata tsohuwar farar mota irin ta ɗaukar kaya ta tsaya kusa da mu. Wani dattijo ne a ciki, fuskarsa ja, hannuwansa duk sun faskare kamar na mai huɗa. Ya tambaye mu inda muka nufa. Da Direkta ya faɗi sunan gidan, dattijon ya dube mu daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan takalmin, ya yi dariya har da tari. Ya ce mu shigo, hanyarsa ce.

Hajiya ta zauna gaba. Ni da Direkta aka buɗe mana baya, inda aka jibge akwatunan roba da almakasai da wasu dogayen kwanduna guda uku masu maɗaurin kafaɗa biyu-biyu. Ba wurin zama sai an kawar da su. Ni na tsaya ina neman ta inda zan kama. Direkta kuwa, ba tare da ya yi tunani ba, ya cafki ɗaya ta maɗaurin, ya juya shi da gwiwa, ya zura shi cikin ɗan'uwansa, ya yi wa na uku haka, duk cikin ƙiftawar ido. Dattijon yana riƙe da ƙofa yana kallonsa.

"Kai ka taɓa goya wannan," in ji shi.

Direkta ya ce a'a, ya dai taɓa gani. Dattijon ya ce wanda ya gani kawai ba ya sa gwiwa. Ya shiga ya tada mota, yana tuƙi yana jefo tambayoyi ta ƴar tagar da ke tsakaninmu: wace shekara, gonar wa, ta wane gefen tudu. Tun Direkta yana kaucewa har ya gaji. Sai ga magana ta fito. A cikin wata taran nan da muka haddace, akwai sati uku da bai taɓa ba mu labarinsu ba. An rufe makarantarsu, ya bi wasu ɗalibai tsinkar inabi a wannan yankin, kuma da yake shi dogo ne sai aka ba shi goyon kwando. Daga safe har yamma yana hawa tudu yana sauka, masu tsinka na juye masa a baya. A rumfar ajiyar kaya suke kwana. Abincin da ake dafa musu rabinsa alade ne rabinsa an zuba giya, don haka sati ukun nan burodi da cuku ya ci. Kullum in motar gona ta kwaso su da yamma sai ta bi ta gaban wani gidan abinci irin waɗannan, ya ga masu gonakin da baƙinsu suna shiga.

Duk abin da ya faɗa ina leƙawa ta tagar ina juya wa Hajiya da Hausa, yana mintsinina a cinya ina ci gaba. Da na gama ta juyo ta dube shi, kallon da ban taɓa ganin ta yi masa ba.

"Ashe ka taɓa aiki, Direkta," in ji ta.

Dattijon kuwa ya sake da shi gaba ɗaya, yana kiransa abokin aiki, yana tambayarsa ko kafaɗarsa na yi masa ciwo in sanyi ya shigo, don tasa tana yi. Wannan zumuncin bai yi wa Direkta daɗi ba. Ya laluba aljihu ya miƙa masa katinsa mai tambarin porje, inda aka rubuta muƙaminsa da manyan baƙaƙe. Dattijon ya karɓa ya gode, ya soke shi a jikin gilashi tare da wasu tsofaffin takardun shan mai.

Gidan na biyu tsohon gini ne mai faffaɗan fili da aka shimfiɗa wa farar tsakuwa, motoci masu sheƙi sun jeru. A tsakiyarsu aka buɗe mana bayan motar kaya muka diro, busasshen ganyen inabi manne a kwat ɗin Direkta. A bakin ƙofa wata mata ce tsaye da babban littafi. Ta yi murmushi ta tambayi sunan da aka ajiye wurin da shi. Direkta ya buɗe Faransancin da yake rubuta wa minista wasiƙa da shi. Ya ambaci tawaga, ya ambaci haɗin gwiwar ƙasashe, ya ambaci nisan da muka taso. Ta saurare shi har ƙarshe, murmushin bai ragu ba bai ƙaru ba, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma wurin a cike yake, mutane kan kira tun da makonni.

Muna tsaye a nan dattijon, wanda ashe bai tafi ba, ya zaga ta bayan gini inda ake shigar da kaya. Giyar gonarsa suke saye. Jim kaɗan ya fito yana goge baki, ya raɗa wa matar wani abu. Ta sake duba littafin, sai ga tebur ya samu: wasu sun fasa zuwa, yana can ƙurya kusa da ƙofar madafa. Dattijon ya dafa kafaɗar Direkta ya ce ya gaya musu tsohon mai goyon kwando ne ya dawo bayan shekara talatin, ba a mayar da irinsa. Direkta ya yi godiya da murya ƙasa-ƙasa, idonsa na kan bango.

Aka zaunar da mu. Cokula da wuƙaƙe a gaban kowa sun isa gida guda. Wani mutum mai baƙar riga ya kawo littafin giya, kaurinsa ya kai na rajistar haihuwa, ya miƙa wa Direkta da hannu biyu. Direkta ya buɗe ya shiga karatu, yana juya shafi yana gyaɗa kai, mutumin na tsaye yana jira. Sai da ya kai ƙarshe ya rufe, ya ce a kawo mana ruwa. Aka tambaye shi wane iri, ya zaɓi mai kumfa. Hajiya ta kurɓa ta ajiye, ta ce mini a hankali an jiƙa kanwa a ciki.

Sannan muka gaya wa mai kawo abincin sharuɗɗanmu: ba alade, ba abin da aka dafa da giya, nama kuma tunda ba mu san wanda ya yanka ba, a bar mu da kifi da ƙwai da ganye. Fuskarsa ta koma irin ta mai zuwa ta'aziyya. Ya ce abincin da gidan ya yi suna da shi kwana guda yake yi a cikin giya. Ya shiga madafa ya daɗe, ya dawo ya ce za a yi abin da za a iya.

Abu na farko a kan wani dutse aka kawo shi, loma ɗaya a cikin cokali. Mai kawowar ya tsaya ya yi jawabi a kansa, inda aka shuka shi da wanda ya tsinko. Hajiya ta haɗiye nata ta ce gishiri ya ji, a gaya musu su kawo. Na ce mata ai shi ke nan, an kawo. Na biyu dodon koɗi ne guda uku a cikin koren miya. Direkta, wanda a gida in ya ga yara na wasa da dodon koɗi yake sa a wanke musu hannu da sabulu, ya rufe ido ya tauna, ya ce a nan ake gane gwani. Ni na ture nawa gefe na kama burodi. Burodin dai ba sa rowarsa, da ka cinye sai a ɗora wani, ni da Hajiya mun ci ya kai shida-shida.

Ba zan yi ƙarya ba, akwai abu ɗaya da har yau nake tunawa. Wata miyar kabewa ce da man shanu da wani abu mai ƙamshin gyaɗa soyayya. Kabewa dai wadda muke jefa wa miyar taushe ba tare da mun dube ta ba. Ban san tana iya zama haka ba. Cokali huɗu ce, na ƙirga don na so ta kai biyar. Hajiya ma ba ta kushe ta ba, ta bi kwanon da burodi.

Daga nan aka kawo kifi, a faranti mai faɗin faifai, shi kuwa kifin bai fi yatsu biyu ba, an ɗora masa farar kumfa. Hajiya ta tambaya ko ba su ɗauraye farantin ba ne. Ta sa cokali ta buɗe cikinsa, ta ga yana ƙyalli, ta ce ɗanye ne, a mayar a dafa. Direkta ya ce haka ake cinsa, ta rufa masa asiri. Ta ce shi ya ci nasa haka. Ni na kira mai kawo abincin na gaya masa. Ya ɗauki farantin kamar an ba shi gawa.

Ba a daɗe ba ƙofar madafa ta buɗe, wata siririyar mata mai farar riga ta fito riƙe da farantin da kanta. Ita ce mai gidan, ita ce mai tauraron, ba ta fi arba'in ba. Mutanen sauran teburan suka juyo. Direkta ya miƙe tsaye, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana ɓalla maɓallin kwat yana shirya jawabi. Ta gaishe shi da kai ta wuce wurin Hajiya, ta ajiye mata kifin, ta tsaya ta ga yadda za ta yi da shi.

Hajiya ta duba cikinsa ta gyaɗa kai. Sai ta buɗe jaka ta fito da wani ƙullin leda, ta kwance, ta barbaɗa. Yajinta ne na gida, wanda ashe tun ranar da muka sauka take bin abincin taro da shi a ɓoye. Direkta ya koma ya zauna a hankali. Matar ta sunkuya ta shinshina, ta nemi izini ta dangwala da yatsa ta lasa. Ta yi tari, idonta ya kawo ruwa, ta sake dangwala. Ta jawo kujera ta zauna ta ce in tambayi Hajiya me da me ke ciki.

Hajiya ta lissafa mata: barkono, citta, ƙuli-ƙuli, kanumfari kaɗan, da daddawar batso. A kan daddawar suka daɗe. Hajiya ta yi mata bayanin yadda ake dafa ɗiyan yakuwa, a rufe su kwanaki har su yi warin da maƙwabta za su sani, a daka a shanya. Matar tana tambaya kwana nawa, a cikin me, a inuwa ko a rana, ina juyawa har bakina ya bushe. Abincin wasu ya yi ta jira a madafa. A ƙarshe Hajiya ta raba ƙullin biyu ta ba ta rabi, ta riƙe hannunta ta ce, "Gaya mata, Malam. Ɗiyata, hannunki na da daɗi, amma kina da rowa."

Direkta ya taka ni a ƙarƙashin tebur da ƙafar mai takalmi. Na juya maganar yadda take, ban rage komai ba. Matar ta yi dariya sosai, ta koma madafa, sai ga shi an sake kawo mana miyar kabewar, wannan karon a kwano na mutane.

Takardar kuɗin a cikin wani ɗan akwatin katako ta zo. Direkta ya buɗe, ya rufe da tafin hannu, ya daɗe yana kallon taga, sannan ya biya. Har yau bai gaya wa kowa abin da ya gani ba. Mai taksin nan na safe shi ya zo ya mayar da mu gar. Da muka isa birni, kafin mu kai otal, Direkta da kansa ya tsaya a gaban shagon wani Balarabe mai gasa naman halal, ya ce mu ɗan shiga ya huta da ƙafarsa. Ya ci burodi biyu cike da nama da soyayyen dankali, takalman na ajiye a kan kujerar kusa da shi. Yana cikin na biyun ya ce, ba tare da ya ɗago ba, maganar kwandon nan ta tsaya a nan. Na ce ni ban yi alkawari ba. Hajiya ta ce ita ba ta jin Faransanci, abin da Malam ya gaya mata kawai ta sani.

A Agiye, a fadar da muke shan shayi a ƙofar gidansa, ya ba da labarin ya fi sau goma. Ya ce mai gidan da kanta ta bar tukunya ta fito ta zauna a teburinmu, duk Turawan wurin suna kallo. Gaskiya ne, don haka na bar shi. In aka juyo gare ni sai in ce haka aka yi. Ba ni na tona maganar kwando ba. Ta Gangara ta biyo, daga bakin matan ƙungiya zuwa masu zuwa cin kasuwa, har ta iso kunnen gwaggo kafin sati biyu.

Ina gidan ran da ta aika a kira shi. Ya shigo ya tsuguna ya gaishe ta. Ta daɗe tana kallon kafaɗunsa. Ta ce ubansa ya rasu yana cewa ya haifi ɗa wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar takardu nauyi ba, kuma abin na damunsa, ko da yake bai taɓa faɗa a gabansa ba. Ta ce da ya dawo ya ba su wannan labarin maimakon na ƙanƙara, da tsohon ya samu abin faɗa a cikin tsaransa. Direkta ya sunkuyar da kai, ya ce a lokacin gani yake abin kunya ne. Ta ce ta sani.

Sannan ta gyara zama ta ce tunda ashe ya iya, akwai sauran dammunan dawa a gonarta ta hanyar Gazawa da ba a kwaso ba, ga awakin mutane sun fara shiga. Ya ce in sha Allahu gobe da sassafe. Washegari da sassafe ya aika da motar buro da mutum biyu, shi kuma ya wuce Maradi, wai yana da taro.